Tafin Hannun Auduga

In kana da firji a ɗaki, ko injin wanki, ko murhun gas mai farin gaba, tashi ka tsaya ta gefe ka kalli ƙofarsa a cikin haske. Ka ga yadda take sumul, ba lotsawa, ba tabo, har fuskarka tana neman fitowa a ciki? To, ba haka ƙarfe yake zuwa duniya ba. Sai da wani ya shafa shi da tafin hannu kafin a fesa masa fenti. A wata masana'anta can ƙarshen layin bas, inda kwalta ta ƙare aka shiga shingayen waya, shekara ashirin da bakwai mace ɗaya ce ke yin wannan shafar, kuma daga maigadi har manaja Auduga suke ce mata.

Ba shafa aka ɗauke ta ba da farko, shara aka ɗauke ta. Tana 'yar shekara goma sha tara, siririya, riƙe da tsintsiya mai dogon mariƙi, tana zagaya injinan matse ƙarfe tana toshe kunne. Kowane inji ya kai tsayin ɗaki biyu a ɗore. A zura masa fallen ƙarfe shimfiɗaɗɗe, ya sauko dum, ƙasa ta girgiza, ya ɗaga, sai ga ƙofar firji da lanƙwasarta da gurbin mariƙinta. Abin da ke ba ta wannan siffar shi ne mazubi, wato wasu tubalan ƙarfe biyu, na sama da na ƙasa, masu santsi kamar madubi. A nan kuma duk fitinar take. In ƙwayar yashi ɗaya, ko ɓarɓashin ƙarfe, ko ma silin gashi ya faɗa cikin mazubin, duk ƙofar da ta biyo baya da ɗan tudu za ta fito a daidai wurin. Ma'aikata ƙurji suke ce masa. Ido ba ya kama shi a ɗanyen ƙarfe mai maiƙo. Sai an fesa farin fenti an gasa, sannan zai fito ya tsaya a tsakiyar ƙofa yana kallon mai saye. Shi kuwa mai saye, Allah na tuba, mutumin da bangon ɗakinsa ya tsage tun bara bai toshe ba, shi ne zai dawo da firji sukutum saboda tabon da bai kai kan allura ba.

Wata rana tana kawar da ƙofofi don ta share bayansu, hannunta ya bi ta kan ɗaya, sai ta tsaya. Ta ce wa dattijon da ke duba kaya a lokacin, "Baba, wannan fa tana da ƙurji." Dattijon ya dube ta, ya dubi tsintsiyarta, ya ce ta yi abin da aka sa ta. Amma maganar ta tsaya masa a rai. Ya ɗauki ƙofar ya kai ƙarƙashin doguwar fitila, ya goge maiƙon, ya karkata ta nan, ya karkata ta can, sai ga ƙurjin a inda ta nuna. Ya ce ta buɗe masa tafinta, ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah! 'Yar nan, wannan ai ba hannu ba ne, auduga ce."

Daga ranar tsintsiya ta koma hannun wani, suna kuma ya bi ta. Aka ba ta tebur mai shimfiɗar roba a ƙarshen layi. Ta ɗora ƙofa, ta rufe ido, ta ja tafinta daga sama zuwa ƙasa sau huɗu. Mai ƙurji ta zagaye wurin da alli ta mayar wa mai injin. Lafiyayya kuma a jera ta a amalanke, in ya cika ta zana alamarta a gefensa da shuɗin alli, wata da'ira mai 'yar wutsiya. Masu fenti ba sa karɓar amalanken da ba shi da alamar nan, in kuwa yana da ita ko kai ba sa ɗagawa su duba. Dokar gidan a rubuce take a bango: duk wanda ya zana alamar ba mai dubawa ba, kora ce, babu roƙo.

Mijinta kuwa a kan rigima suka haɗu. Shi ne mai inji na uku, wani gajere mai faɗin kafaɗa, kullum da tsumma a saɓe. Ƙa'ida ita ce duk bugu ɗari a tsayar da inji a goge mazubi, shi kuwa duk hamsin yake gogewa, shi ya sa aka laƙaba masa Mai Tsumma. Mutum ne mai ji da aikinsa, don haka ranar da ta fara mayar masa da ƙofa da zagayen alli a tsakiya, sai ga shi a teburinta yana huci.

"Ke, daga injina? Sake dubawa dai."

Ta nuna masa wurin. Ya shafa, ya sake shafawa, bai ji komai ba.

Ta ce, "Malam, da wannan hannun naka ai gara ka shafa da takalmi."

Fitila ta ba ta gaskiya, ya tafi yana gunaguni. Washegari sai ga shi da wata ƙofa lafiya lau wai a duba masa. Jibi ma haka. Da aka yi wata guda yana jigilar ƙofofin da babu abin da ya same su, har maigadi ya gane inda aka dosa.

Bayan aure suka kama ɗaki biyu a wani gidan haya mai famfo ɗaya a tsakar gida. Hannu irin nata ba ya shiri da garin sabulu, ba ya shiri da soson ƙarfe, ba ya shiri da ruwan zafi. In fatar tafin ta yi kanta ko sau ɗaya, sai an yi wata uku kafin ji ya dawo daidai. Mai Tsumma bai yi wata-wata ba ya ɗauke mata wanki da wanke-wanke. Girki dai tana yi, da ƙyalle a hannu, amma tukunya tana sauka ta zama tasa. Kullum da yamma sai ka gan shi tsugune a bakin famfo, ƙato da shi, yana kankare ƙanzo yana fito. Matan gidan suka yi ta gulma har bakinsu ya gaji. Mazan layin suka sa masa mijin-ta-ce, shi kuwa ko a jikinsa. Ranar da yayarsa ta kawo ziyara ta iske shi da kumfa har gwiwar hannu, salati ta saka tun daga zaure.

"Ƙanena, abin da ka koma ke nan? Ita gimbiyar tana ina?"

Ya ce, "Yaya, ni hannuna ƙarfe ya gama da shi, tukunya ma in ta gan shi tsoro take ji. Nata kuwa mutum ɗari huɗu ke jiran abin da zai ce. Zauna a kawo miki ruwa."

'Ya'ya mata biyu suka haifa, shi ya yi wankin goyonsu duka biyun. Sun girma, sun yi aure, sun yi nisa. Ita kuma Auduga kullum da kwalbar mai a jaka, kullum da safar hannu ta farin yadi in za ta shiga bas, don kada ƙarfen riƙo ya taɓa ta.

Ba za a ɓoye ba, tana da girman kai a kan hannun nan, kuma ta cancanta. Akwai shekarar da masana'antar ta sayo wata na'ura mai kyamarori wai ita za ta riƙa duba kaya. Na'urar ta ga ɗigon mai ta yi ihu, ta ga ƙurji na gaske ta bar shi ya wuce. Wata shida aka lulluɓe ta da leda aka tura ta lungu. Auduga in ta zo wucewa sai ta ɗan duƙa ta ce, "Ina kwana, ƙanwata, ya gajiya?" Injiniyan da ke shugabantar sashen, wanda ya zo wurin yana matashi ya tarar da ita, Anti yake ce mata, kuma in baƙi suka zo zagaye teburinta yake fara kai su. Ba ta da gida nata, ba ta yi karatu mai nisa ba, ba ta taɓa shiga jirgi ba. Abin da take da shi a duniya shi ne in ta ce ƙofa lafiya take, to lafiya take.

Sai ciwo ya same ta, da ƙishirwa ya fara. Ta sha ruwa ta sha, maƙogwaro a bushe. Likita ya ce suga ne, ya ba ta magani, ya hana ta abubuwa. Ta bi doka iya yinta. Bayan shekara uku tafin ƙafarta ya fara yi kamar tana taka katifa. Sannan abin ya hau hannu. Da farko kamar kiyashi ke yawo a kan yatsu, daga baya kiyashin ma suka tafi, aka bar ta da shiru. Ta koma wurin likita ita kaɗai. Ya taɓa yatsunta da wani siririn zare yana tambaya, "Kin ji? Nan fa?" Ya ajiye zaren ya ce jijiyoyi ne, za a yi ƙoƙari kada abin ya ci gaba, amma wanda ya tafi da wuya ya dawo. Ta yi godiya, ta sa safar hannunta, ta hau bas ta koma aiki.

Ba ta gaya wa kowa ba. Tsoro ne ya hana ta, da kunya, da kuma sa rai cewa gobe za ta tashi ta ji abin ya sake ta. Ta riƙa rufe ido rabi, tana satar kallo ta ƙasan gira, tana karkata ƙofa a fitila da sunan gyara zamanta. Manyan ƙuraje tana kama su da ido. Ƙananan kuwa sai dai addu'a.

Mai Tsumma ya gane wata safiya a wurin shan shayi. Ta ɗauko butar daga wuta ba ƙyalle, ta riƙe ta tana ba shi labarin ƙaramar 'yarsu, sai da ya fizge butar sannan ta duba ta ga fatar yatsu biyu ta yi fari ta tashi. Suka kalli juna. Ya kawo ruwan sanyi ya tsoma hannun, ya shafa magani, ya naɗe.

Ta ce, "Malam, don Allah kada kowa ya ji."

Ya ce, "Wa zan gaya wa? Tukunya?"

Ya yi dariya, ita ma ta yi, amma ranar babu wanda ya sha shayin. Daga nan ya koma goge mazubi duk bugu ashirin. Tunaninsa shi ne in ƙurji bai fito daga injinsa ba, babu abin da za ta rasa ji. Aikinsa ya ragu, sauran injina suka riƙa wuce shi, Injiniya ya kira shi sau biyu ya yi masa faɗa. Ya ce tsufa ne. A haka suka ja wata bakwai, shi yana gogewa, ita tana satar kallo.

Wata ranar Talata aka sauya mazubi a inji na uku don wasu manyan ƙofofi farare da ake gaggawarsu. Wajen ɗaure shi wani ɓarɓashin ƙarfe ya maƙale a mazubin sama, can ciki inda tsumma ba ya kaiwa sai an sa madubi. Ƙurjin da yake fitarwa ƙarami ne ƙwarai, irin wanda a da tana wucewa ta kansa za ta ji kamar ta taka tsakuwa. Ƙofa ɗari uku da arba'in suka bi ta ƙarƙashin tafinta. Amalanke shida, kowanne ta zana masa da'irarta mai wutsiya. Ran Alhamis suka fito daga gashin fenti, aka jera su a haske, kowace da ƙurji ɗaya taƙi guda ƙasa da gurbin mariƙi, kamar an auna. Ƙofar da aka gasa wa fenti ba ta gyaruwa, sai dai a kai ta bola.

Aka kira Auduga da Mai Tsumma ofis su biyu. Injiniya yana zaune, manaja yana tsaye a bakin taga, ga ƙofa ɗaya a jingine da bango. Injiniya ya kasa haɗa ido da ita.

Ya ce, "Anti, alamarki ce a kan amalanken nan shida. Yaya aka yi?"

Ta buɗe baki ke nan, sai Mai Tsumma ya riga ta.

"Ranka ya daɗe, ba ta ga ƙofofin nan ba. Ni na tura su wurin fenti tana hutun cin abinci. An matsa mini a kan na yi baya, na ga in na jira ta ba zan cika ba, sai na ɗauki allinta na zana. Shekara ashirin da biyar ina kallon alamar nan, ai na iya ta."

Manaja ya juyo daga taga ya tambaye shi ko ya san abin da yake faɗa, ko ya san hukuncin. Ya ce ya sani. Injiniya ya dubi Auduga.

"Anti, haka ne?"

A nan ne fa. Kalma ɗaya ce, a'a, kuma tana bakinta. Ta dubi mijinta, ya ɗan girgiza mata kai, kaɗan yadda ita kaɗai za ta gani. Ta dubi hannunta a kan cinya. Ta ja bakinta ta tsuke. Shirun nan aka ɗauka a matsayin amsa, kuma ta san haka za a ɗauka. Ba a yi la'asar ba aka karɓe katinsa, maigadin da ya san farkon soyayyarsu ya raka shi ƙofa yana kallon ƙasa.

A gida ta fashe masa da kuka da faɗa lokaci guda. Ya ce ta kwantar da hankalinta. Shi mai inji ne, masu inji sun fi ƙuda yawa, gobe za a sa wani. Ita kuwa guda ce. Shekara biyu suka rage mata ta ajiye aiki da mutuncinta, a yi mata taro, a tafa mata. Ya ce ta daure ta kai, shi ke nan abin da yake roƙo. Ya ɗauki tukunya ya nufi famfo kamar babu abin da ya faru.

Washegari ta tarar an manna takarda a allon sanarwa na bakin ƙofa, da hotonsa na jikin kati, da bayanin cewa an sallame shi saboda zana alamar mai dubawa da ha'inci. Dole ta gabanta za ta wuce safe da yamma. Amma ba takardar ce ta fi ci mata rai ba, jajen mutane ne. Suka riƙa zuwa teburinta ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce, "Sannu Anti, wallahi ba mu zaci haka daga gare shi ba." Wancan ya ce dama shi ya daɗe yana ganin take-takensa. Kai, mutane! Wanda Mai Tsumma ya koya wa ɗaure mazubi da hannunsa, shi ne ya fi kowa zaƙewa. Ita kuma tana tsaye tana amsa jaje, tana cewa na gode, ana zagin mijinta a gabanta don a faranta mata.

Shi kuwa a gida ya rasa abin yi. Ya wanke labule, ya wanke darduma, ya sake wanke kwanukan da ya wanke jiya. Yana mata barkwanci in ta dawo, amma fiton ya tsaya. Rana ta bakwai ya je kasuwa ya haɗu da mai inji na biyu, abokin aikinsa na shekara ashirin, ya miƙa masa hannu, mutumin ya yi kamar yana neman abu a aljihu. Bai gaya mata ba. Matar wani maƙwabci ce ta gani, ta kawo mata labarin da zafinsa.

Rana ta tara, wata mai aikin fenti, mace mai kirki wadda ba ta nufin komai sai alheri, ta dafa kafaɗarta ta ce, "'Yar'uwa, ki yi haƙuri. Shekara da shekaru kina zaune da maci amana ba ki sani ba. Allah ne ya tona shi."

Auduga ta ajiye allin. Ta zare allurar da ta maƙale gyalenta da ita, ta hau matakala zuwa ofis ba ta ko ƙwanƙwasa ba. Injiniya ya miƙe zai gaishe ta. Ta ce ya zauna ya kalla. Ta ɗora hannun dama a kan teburinsa, ta kawar da kai ta kalli bango, ta soka allurar a kan yatsanta na tsakiya. Ta zare ta soka a manuni. Jini ya taru ya ɗiga a kan takardunsa, fuskarta ko motsi.

Ta ce, "Ka gani? Wata bakwai ke nan. Ƙofofin nan ɗari uku da arba'in ni na shafa su ɗaya bayan ɗaya, ni na zana alamar. Bai taɓa allina ba. Ƙarya ya yi muku don ya rufa mini asiri, ni kuma na bar shi ya yi."

Injiniya ya dafe kai. Ya ce, "Haba Anti. Haba Anti. Da kin faɗa tun farko ai da mun san yadda muka yi." Ya ɗauki waya ya kira manaja, ya fita, ya dawo bayan rabin awa jikinsa a sanyaye. Ya ce za a cire takardar yau, za a rubuta cewa bai zana alama ba. Amma dawowa babu. Ya yi ƙarya a gaban manaja a kan kayan da suka lalace, an kuma riga an ba wani injin. Ita ma ba za ta koma teburin ba, wannan ita da kanta ta sani.

Ta ce ta sani. Abu ɗaya ta roƙa, a bar ta ta faɗa da bakinta. Da ƙarfe biyu, lokacin da masu aikin safe ke fita masu na rana ke shiga, aka tsayar da injina. Ba ta taɓa jin wurin shiru haka ba. Ta tsaya a gaban inji na uku ta faɗi abin da ta faɗa a ofis, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ta ce wanda duk ya zagi mijinta a gabanta ya san inda gidansu yake. Babu wanda ya tafa. Ta bi ta tsakiyarsu ta fita.

Kafin la'asar ta shiga gida, lokacin da ba ta taɓa dawowa ba. Tsakar gidan ba kowa sai shi, yana shanya zannuwan gado a igiya. Ya juyo ya gan ta, ya ga ƙyallen da ta naɗe yatsu da shi, ya ga babu kati a wuyanta. Zanen da ke hannunsa ya faɗi ƙasa.

"Me kika yi?"

"Na faɗa musu."

"Wa ya aike ki?" Muryarsa ta tashi, abin da bai taɓa yi mata ba. "Wa ya aike ki? Na riga na sha kunyar, ta wuce! Shekara biyu kawai na roƙe ki. Yanzu me muka tsira da shi? Ni babu, ke babu."

Ta ce, "Malam, kwana tara ina cewa na gode ana ce maka maci amana. Ba zan iya na goma ba."

"Ni na ce miki ya dame ni?"

"Mai inji na biyu ya hana ka hannu a kasuwa."

Ya ja baho ya kifa ya zauna a kai. Ya ce, a hankali yanzu, shi dai so yake ta fita ana cewa hannunta bai taɓa kuskure ba. Ya ce bai taɓa iya yi mata wani babban abu ba a duniya, wannan ɗaya ne ya samu, shi ma ta ƙwace. Daga nan kafaɗunsa suka fara rawa. Shekara ashirin da biyar suna tare, an yi rasuwar mahaifiyarsa, an yi ta mahaifinsa, ba ta taɓa ganin kukansa ba sai ranar.

Zuciyarta ta karye gaba ɗaya. Ta durƙusa a gabansa a kan simintin da ya jiƙe. Ta ɗaga hannun hagu, wanda ba ta soka ba, ta ɗora tafin a kumatunsa. Tana kallon hawayen yana shiga tsakanin yatsunta, yana bin tafin yana gangarowa, ba ta jin komai. Sai da ya wuce wuyan hannu sannan ta ji ɗuminsa.